Ɗakin Ƙasa a Gidan Mai Bulo

Mai Bulo ake ce masa, har jikokinsa haka suke kiransa. Tun yana saurayi yake buga bulon siminti a filin yayansa da ke bakin titi. Inji na Yaya ne, fili na Yaya ne, shi nasa ƙarfi ne da ciwon baya. Rabin gidajen unguwar da bulonsa aka ɗaga su, har da nasa.

Sai shekaru suka canza hali. Zafi ya riƙa zuwa da wuri, ya ƙi tafiya. Bangon ɗakinsu ya wuni yana shan rana, da yamma ya amayo ta, kwanon rufi kuwa kamar murfin tukunya a kan wuta. Matarsa mai hawan jini ce. Takan jiƙa zane ta lulluɓa, ta zauna a bakin ƙofa tana haki. Da damina ta faɗi, wata iska ta zo ta ɗauke rufin ta kai wa maƙwabta, bango ɗaya ya tsage har ƙasa.

Magini, tsohon abokinsa, ya zo ya duba, ya ce, "Ka san maganin abin nan kamar yadda na sani. Bulon jar ƙasa, wanda ake matsewa da ɗan siminti kaɗan. Mu yi bango mai kauri a kan tushen dutse, mu zuro bakin rufi yadda ruwa ba zai doke shi ba, mu ɗaure katako da ƙarfe. Ƙasar ma ga ta nan bayan gidanka. Baiwar Allah nan ta samu barci."

Mai Bulo ya sani sarai. Ya je ya sami Yaya a inuwar buhunan siminti, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa.

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Mai sayar da bulon siminti zai yi ɗaki da ƙasa? Gobe wa zai tako filin nan? Gida biyu ke ci a nan, ba kai kaɗai ba."

"Yaya, jikinta ne."

"Allah Ya ba ta lafiya. Ka saya mata fanka."

Fanka da wace wutar? Ya tashi ya tafi. A shekarunsa ina zai je, wace sana'a zai koya? Da ya koma gida matar ta karanci fuskarsa, ta ce, "Malam, kada ka ɓata da ɗan'uwanka saboda ni. Na saba." Wannan ta fi maganar Yaya ciwo.

Abin da shi da magini suka yi shi ne, suka kewaye wurin da tsohon kwano, magini ya aro injin matsewa, suka gina ɗakin da ƙasa kamar masu aikin sata. Suka shafe shi da filasta ciki da waje, babu mai ganewa.

Zafi ya dawo, matar ta riƙa barcin rana har da minshari. Ruwa da iska suka zo suka wuce, ɗaki na nan tsaye. Duk wanda ya shiga sai ya ce, "Kai, wannan sanyi fa?" Mai Bulo ya ce hannun magini ne mai albarka, ya kawo wata hirar.

Wata safiya wani maƙwabcinsa, malamin makaranta da matarsa ta haihu kwanan nan, ya zo fili da amalanke.

"Baba, jaririyar ba ta barci don zafi. Ɗaki zan yi musu. Irin bulon ɗakinka nake so, shi sak."

Mai Bulo ya buɗe baki. Yaya na zaune a kan benci, ya zuba masa ido. Sai Mai Bulo ya sunkuya, ya ɗauki bulon siminti, ya fara lodi.