Inda Suka Tsaya a Fim ɗin Masu Agogo

A gidan rediyon da nake aiki a Birnin Kebbi, ba mu ne muke yanke ranar daina cigiya ba. Idan aka kawo sanarwar wani ya ɓata, mukan karanta ta bayan labaran rana, mu ci gaba da karantawa har sai masu ita sun ce a bari, ko don an gan shi, ko don sun haƙura. Na karanta cigiyar awaki, na karanta ta tsofaffin da suka fita masallaci suka kasa gane hanyar gida. A daminar da kogin Rima ya cika ya shafe fadamar Argungu, na karanta ta mijin ƙanwata.

Ya fita da hantsi a jirginsa zai duba shinkafarsa a ƙetare. Washegari aka ga jirgin a kife cikin ciyawa, can ƙasa da gari. Masunta 'yan uwansa suka bi kogin da gora da taru, suka nutsa duk inda suka san ruwa yana ajiye abin da ya ɗauka, har suka gaji. Ba a ga gawa ba. Mahaifinmu, wanda ya tsufa yana karantar da fiƙihu a zaurensa, ya ce shi bai koyi sallatar mamacin da ba a shimfiɗe a gaban liman ba. Saboda haka ba a yi jana'iza ba, ba a shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba. Ƙanwata ta zauna a ɗakinta a gidan surukanta, ba ga miji ba, ba ga takaba ba. Hanya ɗaya ta rage: a je gaban alƙali, waɗanda suka yi neman su ba da shaida, a yanke cewa ya rasu. Amma alƙali ba ya buɗe irin wannan magana sai matar ta kawo ta da kanta, ko ta wakilta wani. Ita kuwa ta ƙi.

Abin da take yi kawai shi ne ta kira ni bayan na fito daga ɗakin watsa shiri.

"Yaya, ka karanta yau?"

"Na karanta."

"Ka ce dogo ne, da zane ga kumatu?"

"Na faɗa."

"To, gobe ma."

A wannan shekarar babu unguwar da ba a kallon wani fim na Turawa mai dogon zango, wanda wani mai fassara yake ɗora wa Hausa, shi kaɗai yana yin muryar kowa. Labarin wata uwa ne da 'yarta masu gyaran tsofaffin agogo. Duk agogon da aka kawo musu akwai abin da ke zaune a cikinsa: wani fatalwa, wani aljani, wani kuma abin da ba shi da suna. Mutane ba su damu da sunansa na Turanci ba, fim ɗin masu agogo suke ce masa. Ana tura shi a waya kashi-kashi a rumfunan masu caji.

Ƙanwata da mijinta tare suke kallonsa, bayan la'asar, a wayarsa, sun jingina ta da kwanon fura. Na taɓa iske su a haka. Mutumin da yake nutsewa ƙarƙashin Rima ya kamo giwan ruwa da hannu, shi ne yake rufe ido da hula idan agogo ya fara kaɗawa da kansa. Ita takan yi masa dariya. Shi kuma ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta wuce shi ba, ko yana gona ko yana kasuwa, don kada ta san inda abin tsoro yake ta zuba masa ido tana jira ya firgita. Ana gobe zai fita ya sa aka tura masa kashi na gaba. Da safe ya bar wayar a gida saboda ruwa. Tun daga ranar wayar take kan akwatinta. Tana kai ta caji, tana goge ta da bakin zane, ba ta buɗe fim ɗin ba.

Wannan kashin da ke cikin wayar kuwa shi ne ya raba kan masu kallo. A cikinsa wani agogo ya zuƙe uwar da 'yarta ya jefa su cikin akwatin talabijin, suka koma zane, suka faɗa cikin wani katun na yara da kowa ya sani, na agwagwa mai hular ɗan sanda da abokinta jaki. Ina gabatar da shirin masu sauraro ranar Asabar, kuma makonni a jere duk batun da na ɗauko, ko takin zamani ne ko tsadar irin albasa, sai an karkatar da shi zuwa can.

Wani manomi daga Zauro ya ce raini ne. "Malam, mu da munka zauna mu ji tsoro, sai a kawo muna agwagwa? In dariya nike so, ina da maƙwabci."

Wata mata daga Augie ta kira ta ce a gaya masa shi ne bai gane ba. Ta ce tunda aka fara fim ɗin ba ta taɓa ganin uwar nan ta yi murmushi ba sai da ta koma zane, a bar baiwar Allah ta huta. Wani dattijo ya tambaye ni da gaske ko aljani yana iya shiga zane, tunda zane ba shi da jini. Na ce masa wannan tambayar ta malamai ce. Akwai waɗanda suka rantse sun daina kallo, sai mako na gaba su kira su ba da labarin abin da ya biyo baya. Ni ban taɓa zama na kalle shi ba, amma a bakin masu kira na san kashin nan daga farko har ƙarshe. Na san akwai inda jakin yake faɗawa kogi.

Bayan an yanke shinkafa, ruwa ya koma makwancinsa, mahaifinmu ya aike ni Argungu. Bai ba ni wani sabon saƙo ba. Ya ce in sake gaya mata cewa shi a shirye yake ya tsaya mata a gaban alƙali, kalma ɗaya yake jira.

Na isa da azahar. A tsakar gida na tarar da gwaggon mijin, wata tsohuwa mai faɗa da raha, da matan maƙwabta suna turara shinkafa. Muka gaisa. Ban gama zama ba gwaggon ta taso mini.

"Kai mai rediyo, wanga na Zauro da ka bari shina zagin agwagwa, ɗan uwanka ne?"

"Gwaggo, kowa da ra'ayinsa."

"Ra'ayin banza. Mutum shi kwan biyu bai yi dariya ba, sai shi ce kowa ma kar shi yi."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ke dai Gwaggo faɗi gaskiya, daɗi kika ji don ranar ba ki ɓuya bayan turmi ba."

"Ni? Ni da nag ga yunwa da ido, agogo za ya ba ni tsoro?"

"To wa ya zubar da kunu ranar da hannu ya fito cikin agogon bango?"

"Kwanon ne da santsi. Ni dai inda jakin nan ya..."

Sai ta tsaya. Ƙanwata ce ta ɗaga labulen ɗakinta. Matan suka mai da kai kan tukunya, kowa ta sami abin yi da hannunta. Daga yadda suka yi na gane sun saba. Watanni ke nan suna haɗiye maganar fim ɗin duk lokacin da ta fito, wai don kada su ɓata mata labari, alhali kowa ta san ba labarin suke tsare mata ba.

Ƙanwata ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta rame, amma muryarta ba ta canza ba.

"Ku ƙarasa mana. Kullum in na fito sai ku yi shiru kamar an ga mai bin bashi." Ta juyo wurina. "Yaya, sannu da hanya. Shigo."

Na zauna a kan tabarma na isar da saƙon Baba da kalmomin da ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ta saurara har na gama. Maimakon ta amsa, sai ta miƙa hannu ta ɗauko wayar daga kan akwati ta ajiye a gabana.

"Kunna mini. Na gaji da a riƙa yi mini shiru cikin gida."

Aikina ke nan zaɓen kalma, amma ranar abin da na samu kaɗan ne. Na ce wannan kashin ba ya cikin asalin labarin, wasa ne kawai suka yi, mutane da yawa ma tsallake shi suke yi. Na ce mu fara daga na bayansa.

"Nan munka tsaya," in ji ta.

Na jingina wayar da kwano na kunna. Ta gyara zama, ta ja gyalenta har baki, ta shirya wa abin tsoro. Da agogon ya zuƙe matan nan suka fito da manyan idanu da ƙananan ƙafafu, sai ta saki gyalen.

"Mi ne ne wannan?"

"Katun ne."

"Wanga shi ne abin da ake ta ɓoye mini?"

Mai fassara ya maƙale murya yana yin agwagwa, ya sa ta tana magana kamar ɗan sandan kan hanya. Ƙanwata ta yi dariya. Ban ji dariyarta ba tun kafin damina. A waje na ji motsin tukunya ya tsaya. Ni kuwa ina kallon ɗan layin da ke tafiya a ƙasan hoton, na san abin da yake matsowa, kuma ban ga ta inda zan tare shi ba. In na tsayar, sai na faɗi dalili.

Uwar da 'yarta da agwagwa da jaki suka shiga kwalekwale su huɗu, fatalwar zane tana bin su. Kwalekwalen ya kife. Uku suka fito, jakin bai fito ba. Aka nuna kumfa tana tasowa, sannan ta daina. Agwagwa ta cire hularta ta riƙe a ƙirji. Sai 'yar mai agogo ta jefa ƙugiya ta jawo shi, cikinsa ya kumbura kamar salka. Suka hau kansa suna tsalle. Ruwa ya yi ta fita ta kunnuwansa, har da ƙananan kifaye. Ya buɗe ido, ya miƙe, ya girgiza jiki, ya tambaya ko an ajiye masa abinci.

"Mai da shi baya," in ji ta.

Na mai da shi. Ta sake kallo tun daga kifewar jirgin har zuwa tambayar abinci. Wannan karon ba ta ce a mayar ba. Muka bar shi ya tafi har ƙarshe, uwar da 'yarta suka koma jikinsu na mutane, rubutu ya fara hawa. Ta ɗauki wayar ta kashe, ta riƙe ta a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa duk abin da ya zo mini a baki irin wanda ake faɗa a gidan gaisuwa ne, kuma ba a buɗe gaisuwa ba tukuna.

Can ta ce, "Ko hula bai buƙata ba ga wanga. Da ya kalle shi da ido buɗe."

Ta zare 'yan kunnenta ta saka a cikin kwanon da muka jingina wayar.

"Ka ce ma Baba ya tafi wurin alƙali. Na wakilta shi."

Na ce to. Na tashi, na kai bakin ƙofa, sannan na tuna da nawa aikin.

"Cigiyar fa? In cire ta?"

Ta dubi wayar.

"Wannan ka bar ta tukuna."

Na fito. Gwaggon tana tsaye kusa da labule da muciya a hannu. Ta leƙa ta ga kunnen ƙanwata babu 'yan kunne, ta ajiye muciyar ta shiga ɗakin.

Ranar da Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi kotu da masuntan da za su ba da shaida, ni ina bakin aiki. Na gama labaran rana, aka sake kunna mini fitila ja ta watsa shiri, na karanta cigiyar wata tunkiya mai baƙin kunne da ta ɓata a kasuwa. Bayanta na karanta ta wani mutumin Argungu, dogo, mai zane a kumatu, wanda ya fita da hantsi a jirginsa, na roƙi duk wanda ya gan shi ya sanar da gidan rediyo mafi kusa.