Murɗin Da Bai Kai Faɗin Yatsa Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata ranar Arfa a Batsari ba. Lokacin ni ne mai ɗaura manyan dish a garin, kuma ina ji da kaina. Ana saura kwana biyu wani dattijo, tsohon hedimasta, ya kira ni. Matarsa ta tafi aikin Hajji, yana so ya kalli tsayuwar Arfa, ko Allah zai sa ya hango ta cikin taro.

Na kafa dish, tashoshi suka kawo, amma rabi. Ta Saudiyya tana cikin waɗanda suka ƙi. Kwana biyu ina juya ƙaton farantin nan gabas da yamma, ina haɗa gumi. Dattijon ya ce, "Ɗana, ko a kira abokin nan naka na Safana?"

Tare muka koyi aikin, amma kullum shi ake yabo, abin yana ci mini rai. Na ce, "Baba, ai bai fi ni sani ba." Kishi ne kawai ya yi magana.

Ranar Arfa da hantsi dattijon ya gaji, ya aika da babur Safana a ɗauko shi. Aka tarar abokin nawa yana gona a ƙauyen Babban Duhu, sai bayan la'asar suka iso. Ko taɓa farantin bai yi ba. Ya hau tsani, ya sassauta noti ɗaya, ya murɗa 'yar na'urar da ke tsakiya, murɗin da bai kai faɗin yatsa ba. Daga ɗaki aka ce tashar ta kawo.

Da ya sauko ya ce mini a hankali, "Sigina iri biyu ce, wata a tsaye take zuwa, wata a kwance. In kan na'urar nan ya karkace sai su cakuɗe, wasu tashoshi su ɓace." Ko sannu ban ce masa ba, ji nake kamar in shaƙe shi.

Muka shiga ɗaki. Rana ta faɗi a can, alhazai suna ta barin filin. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai sun taso." Bai yi mini faɗa ba, washegari ma har naman layya ya aiko mini, na kasa ci.

Tun daga ranar, in aiki ya gagare ni nakan kira wanda ya fi ni. Na gane cewa in na riƙe kishina, ba ni kaɗai yake ci ba, har da wanda ya amince da ni.