Alwashin Mushe Andarawus

Andarawus ɗan garin Babankatami ne, kuma a sanina shi kaɗai ne ɗan Adar da ya tafi Turai karatun lissafi ya komo ba mota ba takardar digiri. An ba shi bursi, wato kuɗin karatu, zuwa ƙasashen gurguzu, gurguzu ya rushe yana tsakiyar aiki, sai aka sa shi jirgi. A 1992 ya zama mushe, wato malamin boko, a kwalejin Madawa, yana koya wa yara rabawa.

Tambayar lissafin da ya baro can ba ta bar shi ba. In an tambaye shi, yakan ce a ɗauki rumbu biyu marasa iyaka, kowane da tiyar awonsa, tiyar kuma tana canja girma daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda ta Garhanga ba ta zama ɗaya da ta Madawa ba. In aka juye rumbun farko cikin na biyu, shin 'yan dammuna ƙidayayyu za su tsaya a madadin hatsin duka, kusan daidai? Shi ya yi imani za su tsaya. Saura hujja.

Kuskurensa ɗaya ne, a majami'a ya yi shi. Ranar godiyar kaka, kowa na kawo damin gero yana alwashi, sai ya tashi ya ce gaban Ubangiji ba zai yi aure ba sai ya gama wannan aiki. Budurwarsa Tabita, ɗiyar Ezra mai gadin asibitin mishan, tana zaune a layin mata zumunta, goronta ma an riga an raba. A wancan zamani alwashin majami'a ba a ɗaga shi kamar taron gwamnati.

Damina ta bi damina. Duk Lahadi Ezra yakan tare shi a bakin ƙofa.

“Mushe, ina labarin rumbunka?”

“Baba, ina kusa.”

“Bara ma kusa kake. Jakina da ya mutu hanyar Buza, shi ma kusa yake.”

Luka, mai yin allura a asibiti, ya fara gaida Ezra fiye da ƙima, har da kai masa sukari. Ezra ya ce wa Andarawus kaka mai zuwa ita ce iyaka.

Gero na nuna Andarawus ya gano abin. In tiyar tana tsalle ba a hankali take canjawa ba, akwai hatsin da ba adadin damin da zai kusance shi. Abin da ya yi shekaru yana son tabbatarwa ƙarya ne, kuma da hannunsa ya nuna haka.

Dattawan majami'a suka zauna a kai. Ya cika musu allo da alli, suka kalla cikin ladabi. Fasto na neman aya, Ezra ya katse shi.

“Yaro, ka gama ko ba ka gama ba?”

“Na gama, Baba, amma amsar a'a ce.”

“To mi? A'a ma amsa ce. Ita ce amsar da na shirya wa Luka.”

Aka ɗaura aure kafin Kirsimeti. Tabita ta yi kyau, mata zumunta suka yi ta buga tulu suna waƙa. Ango kuwa ya zauna, fuska kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, har baƙi daga Keita suka ɗauka auren dole aka yi masa.