Kwano Nawa Zai Auna?

Ina tsaye gaban sikeli ranar Talata da hantsi, ana ɗura wa wata mata gas, sai wayar Usman ta shigo, ya ce mahaifinsa, Alhaji Hamidu, ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sa aka ƙarasa mata, sannan muka rufe.

Shekara goma sha huɗu ina riƙe wa Alhaji gidan gas ɗinsa na unguwar Takur a Dutse, kuma duk Baffa muke ce masa. Bafulatanin Buji ne, ya baro ruga ya kama sayar da gas tun mutanen Dutse na tsoron tukunyar kamar za ta tashi da gida. Ya fara da ma'aikaci biyu, ya bar goma sha ɗaya.

Ni da shi ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan albashi. Lokacin da na zo, kuɗin ma'aikata bai kai a yi maganarsa ba, amma kowace shekara sai albashin ya ƙara cinye riba, ga gas ɗin kansa yana tsada, masu saye suna komawa gawayi. In na kai masa lissafi sai ya ture takardar ya ce, "Kada ka faɗa min naira nawa ka ba mutum, faɗa min kwano nawa na gero zai auna." Da kansa yake shiga kasuwa ya tayo hatsi kafin ya yanka ƙarin albashi. Nakan tsokane shi cewa gidan gas muka buɗe ba gidan sadaka ba, ya yi dariya ya ce wanda ya baro gidansa ba a ɗora tukunya ba, ba zai ji warin gas in yana yoyo ba.

Bara abin ya kai mana iya wuya. Na rubuta sunan mutum huɗu da za a sallama, har da Malam Ado, dattijon da ke shafa wa bakin tukwane ruwan sabulu don gano yoyo. Baffa ya karanta, ya ninke, ya ce in bar shi da maganar. Wata ya ƙare aka biya kowa cif, haka wata na gaba, ni kuwa ban tambaya ba.

A Buji aka yi jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta na tambayi Jauro, ƙanen Baffa, ko an tafi da shanu kiwo ne, don uku kawai na gani a rugarsu. Ya ce su ke nan. Duk sanda albashi ya gaza sai Baffa ya aiko a kai saniya ɗaya kasuwa, daga garken da ya gada wajen mahaifinsu, kuma ya hana a faɗa wa kowa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Muna shirin tafiya Malam Ado ya ja ni gefe.

"Manaja, yanzu da Baffa ba ya nan, aikinmu yana nan kuwa?"

Ba ni da ko akuya, ban kuma san inda kuɗin zai fito ba. Na ce masa ya zo ranar Litinin, shi da sauran duka.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya da Usman da ƙannensa haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe mutanensa. Amin.