Tagar Shagon Baban Auta

Ranar da Baban Auta ya maƙale a bangon shagonsa, ni na fara ganinsa. Ina tsakiyar yi wa wani aski na ji ana kirana ƙasa-ƙasa. Na leƙa lungun da ke tsakaninmu, sai ga kai da kafaɗu a waje, sauran mutum yana ciki, furfura duk garin siminti. Rami ya fasa da guduma, ya zura kai ya gwada faɗinsa, tumbi ya ce bai san zancen ba.

Na ce, "Maƙwabci, bangon ne ke naƙudarka? In kira ungozoma?"

Bai yi dariya ba. Da man gashi na shafe masa haƙarƙari, 'yarsa Auta tana jan ƙafafu daga ciki, muka zare shi.

Wurin ramin nan, a da taga ce. Shi da hannunsa ya toshe ta da bulo, shekarar da ɓarayi suka lanƙwasa ƙarfenta suka kwashe masa kaya. Tun daga nan shagon ya koma tanda. Ga kwamfutoci uku, ga injin fotokwafi mai huci kamar dutsen guga, ga janareto a bakin ƙofa yana turo hayaƙi ciki. Fanka ɗaya ce tal, ita ma injuna ya juya wa fuskarta. In ka yi magana ya ce, "Mutum yana da gumi, inji ba shi da shi."

Matarsa ce mai buga takardu. Kujerarta tana ƙurya, daidai ƙarƙashin tagar da babu. Takan jiƙa tsumma ta yafa a wuya, yatsunta na gudu, ba ta ko kallonsu. Ran da aka zuba wa injin garin tawada, har cikin hancinta baƙi ne. Nakan leƙa in ce, "Yaya, kin dahu ko a ƙara wuta?" Ta ce, "Saura gishiri, wanzami."

Sai tari ya zo. Ta bango nake jin sa, har na saba da shi kamar ƙarar almakashina. Likita ya ce ƙirjinta iska yake nema. Baban Auta ya ce da aiki ya lafa zai buɗe tagar. Aiki bai lafa ba, ita ce ta lafa. Bangon ya yi shiru, ni kuma na rasa abokiyar tsokana.

Bayan zaman makoki 'yarsu Auta ta hau kujerar, da tsumman uwarta a wuya. Makon jiya na ji tari ta bango, irinsa sak, har almakashi ya tsaya mini a hannu. Ashe Baban Auta ma ya ji. Washegari ya ari guduma.

Da muka zare shi, ya zauna a kan bulo yana haki. Iska ta bi ramin ta ɗaga takardun tebur. Auta ta tsaya a wurin, ido a lumshe. Bakina dai ba ya jin magani, na ce, "To, ka buɗe wa ɓarayi hanya. In sun dawo fa?"

Ya kakkaɓe furfurarsa, ya dube ni.

"Su dawo. Ɓarawon da ya ɗauke mini uwar 'ya'ya, taga a toshe ya shigo. Kai dai ka ci gaba da aske saman kai, na cikinsa ba aikinka ba ne."