Tukwicin da Ya Zainaba Ta Hana

Duk wanda ya bi ta lungun su Ya Zainaba a Hausari, ƙamshi ne zai fara tarbarsa. A Khaddamari aka haife ta, a wajen kakarta ta koyi haɗa humra da turaren wuta, aure ya kawo ta cikin gari. Da mijinta ya rasu, da sana'ar nan ta riƙe gida. Ba ta da yawan magana.

Babbar mai cinikinta ita ce Hajja Siddiƙa, matar wani attajiri. Duk bikin da za a yi a danginsu, turaren Ya Zainaba ake turarawa. Har "yayata" Hajja take ce mata.

Wata safiya Ya Zainaba tana shanya kajijin haɗa turare a ƙofar gida, sai mota ta shigo lungun a guje, ta banke Ketura, maƙwabciyarta mai tuyar ƙosai, tafasasshen mai ya kife mata a ƙafafu. Direban ya leƙo, suka haɗa ido da Ya Zainaba, ya ja mota ya gudu. Taufiq ne, autan Hajja. Da 'yan sanda suka zo, kowa ya ce bai ga fuska ba. Ya Zainaba ta ce ita ta gani, ta kuma faɗi suna.

Ana saura kwanaki a shiga kotu, sai ga Mu'mina, ƙanwar Hajja, a gidan Ya Zainaba da sabuwar lafaya, mayafin nan da mata ke naɗawa, a leda.

"Tsarabar Umra ce, in ji Hajja."

"Umrar da aka dawo tun azumi?"

"Haba Ya Zainaba, tsaraba tana ruɓewa ne?" Mu'mina ta yi dariya. "Ta ce kuma ki sake tunani. Shekaru sun ja, ido yakan yi gizo da safe."

A al'ada, wanda ya kawo kyauta sai an ba shi tukwici, kuma tukwicin nan shi ne shaidar an karɓa. Mu'mina ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ta gyara mayafi, ta sake tambayar lafiyar yara. Ga kwalaben humra jere a gabanta. Hannun Ya Zainaba bai motsa ba.

"To, ni zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Haka zan koma?"

"Haka. Ki ce mata ina tafe."

Mayar da kyauta abin kunya ne babba, Ya Zainaba ta sani. Duk da haka ta tari keke, ledar a cinyarta. Ta gaida Hajja yadda ta saba, sannan ta ajiye lafayar a gefen darduma.

"Yayata, ni za ki yi wa haka?"

"Hajja, na ji wani lauya a rediyo yana cewa, wanda ya ba da wani abu don a rufa wa mai laifi asiri, da wanda ya karɓa, duka biyun doka tana hukunta su. Ɗaya ya shiga ruwa, kada mu zama uku."

"Yaron nan a gabanki ya girma!"

"Shi ya sa na gane shi. Da kin kai shi ya duba Ketura a asibiti, da ya fi masa."

Hajja ta juya baya, ba ta ko ce a raka ta ba.

Ranar shari'a lauyan Taufiq ya tambayi Ya Zainaba ko ta tabbata, ga tsufa, ga mota a guje. Ta dubi yaron, kansa a ƙasa.

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Bikin da ya biyo baya a gidan Hajja, daga wata unguwa aka sayo turare. Dangin Hajja ma suka janye cinikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya Zainaba ta shiga ɗaukar kayanta tana kaiwa kasuwa da kanta, in ta dawo ta biya ta wanke wa Ketura ƙafa.