Bakaniken da Ke Sauraro da Haƙora

Wata ma'aikaciyar jinya na zaune a bencin gareji tana jiran a sauya mata taya, amma idonta na kan wani tsohon bakanike. Siriri ne mai farin gemu, ya duƙa kan injin wata tsohuwar motar tsere. Injin sai tari yake, yana karkarwa. An sa sabbin fulogi, duk a banza.

Tsohon ya ɗora bakin sukundireba kan nozul mai fesa fetur, ya kara ƙotar a kunne don ya ji bugunsa. Ya juya ɗaya kunnen, fuskarsa ta ɓaci.

"Baba, ka ji wani abu?" mai motar ya tambaya daga bayansa. Tsohon bai waiwayo ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta gane, don ta saba ganin haka a asibiti. Wataƙila shekara arba'in ke nan kunnen nan ke ciyar da gidansa, yanzu kunnen yana mutuwa, kuma bai gaya wa kowa ba.

Tsohon ya saci kallon mutane, sannan ya ciji ƙotar don ya ji bugun ta haƙora, yana bin nozul ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya tsaya.

"Wannan ne ba ya feshi."

"Kunnenka ba ya ƙarya, Baba," in ji mai motar.

Tsohon ya zuba wa leɓen mutumin ido, yana jiran ya maimaita.